Bukkokin Agana a Bayan Kucheri

Tun da na dawo daga Kucheri ba ni da sakat. Wadda ta zo sayen daddawa sai ta tsuguna bakin ƙofa ta ce, "Hassi, wai mi kika gano can?" Wadda muka haɗu da ita a rijiya ma haka. Kowace na ba ta guntu, guntayen kuma suna yawo cikin Bungudu suna ƙara tsawo, har na ji an ce wai da hannuna na binne rabin gari. To, tun da yau kun taru, zan faɗa muku daga farko yadda abin ya faru, don ba labari ne da nake son maimaitawa ba.

Da bazara ne, ana tsakiyar zafi, wani mai jaki da ya fito daga gabas ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Bai yarda ya shigo zaure ba, ruwa ma bai karɓa ba. Daga nesa ya ce agana ta shiga Kucheri, ta kama ɗiyata da mijinta, an fitar da su bayan gari. Na tambaye shi jaririyarta fa, don wata huɗu ke nan da ta haihu. Ya ce wannan bai sani ba.

Kun dai san fuskata. Ina 'yar shekara bakwai agana ta yi mini wannan zanzanar, ta ɗauke ƙannena biyu ta bar ni. Kowa kuma ya san ba ta kama mutum sau biyu, saboda haka ba a tsaya shawarar wanda zai tafi ba. A kan ɗan rakiya aka tsaya, don mace ba ta kama hanyar kwana huɗu ita kaɗai, mijina kuwa ya daɗe da rasuwa. Mazan gida suka yi ta kallon ƙasa. Can sai ƙanena Labbo, wanda aka haifa bayan waccan annobar, fatarsa sumul ba tabo ko ɗaya, ya ce zai kai ni.

"Amma bakin gari kawai, Yaya. Ba ni shiga."

"Ni ma ban ce ka shiga ba."

Muka ɗora wa jakinsa garin gero da tsamiya da ƙwaryar man shanu da tabarma, na ƙulla hoce a gefen zane don ci a hanya, muka fita da sassafe.

Daga nan zuwa Gusau ba abin faɗi, sai zafi. Gulbi ya ƙafe, a kan yashi muka ƙetare. Man shanun da na yi ta tattali ya narke tun kafin azahar, ya bi cikin jakin yana ɗiga, ƙudaje suka raka mu har ƙofar gari. Da la'asar muka isa, muka tarar da mutane cunkus ƙarƙashin wata tsamiya, dogarai biyu sun tare hanya. Ashe mai lamba ne ya zauna a wurin. Na sha jin labarin lamba, amma ranar na fara ganinta da idona. Wani siririn mutum ne mai jar hula, da ɗan akwati a gabansa da 'yar aska. Yakan kama dantsen mutum ya karce shi sau uku, ya shafa wani ruwa daga 'yar kwalba, wai in wurin ya tashi ya yi ƙurji, agana ba za ta kama mai shi ba.

Abin da mutane ke faɗa a layin nan ya isa ya sa mutum ya juya. Wani ya ce tana hana haihuwa. Wani ya ce alama ce Nasara ke sa wa mutane kamar yadda ake yi wa shanu, don a san waɗanda za a kwasa aikin hanya. Wani bafatake da ke gabanmu ya rantse an yi masa bara, aka ce ya nuna, ya nuna wani tsohon tabon ƙaho a kafaɗa, mutane suka yi dariya, aka karce shi. Da aka zo kaina mai lambar ya ɗaga ido ya dubi fuskata, ya ce, "Inna, ke an riga an yi miki taki. Wuce."

Shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da fuskar nan, ban taɓa jin an buɗe mini hanya saboda ita ba sai ranar.

Labbo kuwa ya sunkuya bayan jaki yana gyaran igiya, wai ko ya sulale a bayana. Dogari ya kamo wuyan rigarsa. Aka karce shi yana salati kamar za a yanka shi, aka kuma zaunar da shi a inuwa tare da sauran har wurin ya bushe, don sun gane mutane na gogewa da zarar sun juya baya.

Mun sauka gidan Ige, wata 'yar garinmu da aka kai aure can. Ta yi murna da ganinmu, ta rungume ni, ta kawo fura. Sai ta tambayi inda za mu. Da na ce Kucheri, hannunta ya tsaya a kan ludayi. Na ce mata zuwa za mu yi, ba dawowa muke ba, amma sunan garin kawai ya ishe ta. Aka shimfiɗa mana a rumfar awaki, aka ware mana ƙwaryarmu daban. Ban ga laifinta ba, 'ya'yanta uku ƙanana. Ita ce ta ba Labbo shawara ya goge lambar da toka da lemun tsami, ta ce haka mutanen unguwarsu ke yi. Ya goga har wurin ya yi ja. Da safe da muka ratsa kasuwa na ga wani abu da ba mu da shi a nan: maza na naɗe hannun riga suna nuna wa juna ƙurjinsu, wanda nasa ya tashi ya zauna kusa da wanda nasa ya tashi, su ci goro tare ko ba su san juna ba. Wanda ba shi da shi kuwa sai a matsa masa.

Kwana na biyu muka nufi Kwatarkwashi. Tun da hantsi muke hango dutsen garin, muna tafiya kamar ba ma matsawa. Kafin a shiga garin akwai wata mararraba, a nan muka ga ƙananan ƙoƙuna jere a gindin wata kuka, kowanne da gumba a ciki, wasu an zuba musu zuma. Muka tsaya Labbo ya cire ƙaya daga ƙafarsa. Kafin mu ankara jakin ya sa baki ya lashe ƙoƙo uku.

Wata tsohuwa ta fito daga gona da sanda tana ihu. "Wayyo! Kun cinye abincin baƙuwa! Mi za ta ci in ta iso? Mu za ta ci ke nan!"

Ban gane ba da farko. Ashe su can ba su kama sunan ciwon, baƙuwa suke ce mata, suna ajiye mata abin zaƙi a bakin hanya don ta ci ta wuce. Mu nan rubutu muke sha mu yi sadakar waina, ban taɓa ganin an yi wa ciwo girki ba. Labbo ya fara cewa wannan ai shirme ne, na taka masa ƙafa. Na kwance hocen da ya rage mana na cika ƙoƙunan, na ba ta haƙuri. Da ta matso karɓa sai ta tsaya tana kallona, ta janye mayafinta daga kumatu. Fuskarta irin tawa ce, har ta fi tawa ramuka.

"Ke ma ta sauka gidanku," ta ce.

"Tun ina yarinya."

"Nawa ta ɗauka?"

"Biyu."

"Mu huɗu." Ta juya. "Ku biyo ni."

A ɗakinta na kwana, a kan gadonta na kara, ita da ko sunana ba ta tambaya ba sai da gari ya waye. Tuwon dawa ta yi mana da miyar kuka, daddawarsu ba ta kai tamu nuna ba, amma na cinye. Ita ta koya mini abin da ya yi mini amfani daga baya: kada in kwantar da mai ciwon a kan tabarma don tana kama fata, yashi mai laushi zan shimfiɗa, in riƙa sauyawa. Ta ba ni ɗan goran zuma ta ce in riƙa ɗiga mata a baki, don ƙurajen har maƙogwaro suke shiga. Da za mu tafi ta dubi Labbo ta ce, "Wanga kada ki bari shi matsa kusa."

A Tsafe ba mu shiga gari ba, don ƙofar a tsare take. A waje, gindin itatuwa, mutanen da suka gudo daga Kucheri da ƙauyukanta ne zube da kayansu, an hana su shiga, su kuma ba su son komawa. Wasu suna da 'yan'uwa a ciki, uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai a miƙo musu ƙwaryar dambu ta kan ganuwa. Na bi su ina tambaya ko akwai wanda ya san gidan su Ɗanbaba maƙeri, mijin ɗiyata. Wata mata mai goyo ta ce ta sani.

"Ɗanbaba ai an rufe shi shekaranjiya."

"Matar fa?"

"Da munka fito tana da rai."

Na zauna a ƙasa inda nake. Labbo ya koma can nesa da mutanen ya zauna shi kaɗai yana sosa dantsensa, wanda duk da toka da lemun tsamin ya fara ja yana ƙaiƙayi. Ranar ba wanda ya ci wani abu a cikinmu.

Washegari kafin azahar muka kai iyakar Kucheri. Ƙaya ce aka sara aka gindaya a hanya, maza biyu da sanduna suna zaune a inuwa ta wannan gefen. Suka ce wanda ya ƙetare ya ƙetare ke nan, ba ya fitowa sai ciwo ya ƙare. Labbo ya sauke kaya ya aza mini buhun garin a ka, na ɗauki sauran a hannu, na yi taku goma na durƙushe. Ya ce to in tafi da jakin. Na ja, jakin ya kafe, na buga, ya juya ya koma wurin mai shi. Sau uku muna haka, masu gadi suna kallo. Labbo ya tsaya ya daɗe yana duban ƙayar nan. Sai ya mayar da kayan bisa jaki, ya ce, "Bismillahi," ya kama igiya ya wuce ni.

"Labbo, koma."

"Tahi mu tahi, Yaya. In na koma mi zan ce na yi?"

Bukkokin masu ciwon suna yamma da garin, a wani fako kusa da rafi. Na zana ne, an kafa su a gaggauce, sun fi ashirin. Warin ne ya fara tarbar mu, ba zan kwatanta muku shi ba. Wanda ke riƙe da wurin wani tsohon wanzami ne, Baba Ɗanjimma, mai ido ɗaya, agana ta cinye ɗayan tun yana saurayi. Masu jinya mu shida ne da ni, kuma duk fuskarmu ɗaya. Akwai wani mahauci, akwai matar limamin wata unguwa, akwai wata da aka haifa baiwa a gidan masu gari, ba a daɗe da ta sami kanta ba. A cikin gari waɗannan ba za su haɗa akushi ba. A can tukunya ɗaya muke ci, matar liman na tuƙa tuwo, ita waccan na kwashewa, wanda ya gaji ya jingina da ɗan'uwansa. Mutanen gari kuwa akwai wani faffaɗan dutse tsakaninmu da su, nan suke ajiye abinci su ƙwala kiran sunan nasu su koma da gudu. In an ce musu ya rasu, daga can suke kuka.

Baba Ɗanjimma ya kai ni wata bukka ya ce, "Ga ta nan."

Na leƙa na fito na ce ba ita ba ce. Ya ce ita ce. Na koma na duba ƙafarta, na ga ɗan yatsan da ta karye tana ƙarama. Fuskar ta kumbura, ƙurajen sun haɗe sun zama ɗaya, idanun sun rufe. Na ce, "Ga ni na zo." Ta motsa hannu, ta ce, "Inna, ruwa."

Kwana uku na yi da ita. Na ɗebo yashi daga rafi na shimfiɗa mata, na riƙa ɗiga mata zuma da ruwan tsamiya, ina kore ƙudaje da mafici. Ɗan man da ya rage a gindin ƙwarya na shafa mata a leɓe. In hankalinta ya dawo abu ɗaya take tambaya, ina Kulu, jaririyarta. An ce mini tana cikin gari wurin uwar mijin, ana ba ta kunu da nonon akuya. Na ce mata lafiyarta lau, har ta yi ƙiba, ko da yake ban gan ta ba.

Ranar ta uku da hantsi numfashinta ya sauya. Ita ce ɗiyata ta fari, kun san tun da na haife ta ban taɓa kama sunanta ba, ko a bayan idonta. Na ga tana tafiya, na kira ta da duk abin da na saba kiranta, ba ta motsa ba. Sai na sa bakina a kunnenta na ce, "Rakiya." Ta juyo da kai wajena. Na sake faɗa, na yi ta faɗa, ban san sau nawa ba, har matar liman ta dafa ni ta ce in bari haka nan, ta cika.

Labbo ne ya haƙa kabarin. Tun da muka zo ya kafa 'yar rumfarsa can gefen rafi, yana ɗebo mana ruwa da itace, amma da aka rasa mai haƙa sai ya ɗauki fartanya, daga ranar kuma shi ya zama mai haƙa. Dantsensa ya kumbura, wurin lambar ya yi ƙurji guda babba mai ruwa, zazzaɓi na kama shi da yamma. Kullum da safe sai ya zo ya buɗe mini ƙirjinsa da bayansa ya ce in duba. Ya tambayi Baba Ɗanjimma ko lambar nan na da amfani. Tsohon ya ce shi dai abin da ya gani zai faɗa: Ɗanbaba ma an yi masa bara a kasuwa, amma tasa ba ta tashi ba, ga shi a ƙasa. Waɗanda tasu ta tashi kuwa, har yau ba a kawo masa ko ɗaya ba.

"Amma ba a gama ba tukuna," in ji shi.

A bukkar da ke kusa da ta ɗiyata akwai wata Bafillatana, Dado. Ita ta tashi daga ciwon, ɓawon ƙurajenta ya zube, ya bar mata fuska jajir da ramuka. Da goyo aka kawo ta, goyon bai kwana biyar ba ya rasu. Mutanen rugarsu sun ajiye ta suka tashi da shanu, ba wanda ya san inda suka nufa. Hausarta kaɗan ce. Takan zauna bayan bukka tana matse nononta a ƙasa saboda ciwon da yake mata, ba ta kuka, ba ta magana da kowa.

Kwana biyu bayan rufe ɗiyata, da rana tsaka, muka ji ana kiran sunana daga wajen dutsen. Ƙanen Ɗanbaba ne. Ya ajiye wani ƙunshi ya ja da baya. Ya ce tsohuwarsu ta kwanta da zazzaɓi da ciwon baya, kowa ya san abin da ke biyo wannan, kuma ya bi gidajen masu goyo duk ba wadda ta yarda ta karɓi ɗiyar da ta fito daga gidansu.

"Ki riƙe ta, Inna. In ta rayu, in an yaye ta, mu zo mu ɗauka."

Na buɗe zanen. Ba ƙurji a jikinta, amma ta rame har maɗigarta ta faɗa, kukanta kamar na ɗan kyanwa. Na tsaya a kan dutsen nan riƙe da ita, na rasa gaba na rasa baya. Gari ya ƙi ta, inda zan kai ta kuwa ciwo ne ko'ina.

Baba Ɗanjimma ya iso ya dube ta, ya ce a kira Labbo. Ya kama dantsensa ya duba ƙurjin da kyau. Ya ce a zamanin ubansa, in agana ta shigo, sukan nemi wanda tasa ta zo da sauƙi su ɗebi ruwan ƙurjinsa su sa wa yara a tsaga. Da yawa sukan yi 'yar kaɗan su tashi, wasu kuma ta tafi da su. Ya ce wannan ta Nasara ya ji daga bakin mai lambar kansa cewa ba agana ba ce, daga jikin ɗan maraƙi ake samo ta, kuma in ta nuna ana iya ɗiba daga hannun wani a sa wa wani.

"Ka taɓa yi?" na ce.

"Ban taɓa ba."

"In ta kashe ta fa?"

"In kin bar ta haka ma, ga inda take. Ke za ki zaɓa, jikarki ce."

Labbo ya ce shi bai yarda a ɗauki ciwo daga jikinsa a sa wa jinjira ba, in wani abu ya faru ba zai iya ɗauka ba. Muna cikin haka sai ga Dado ta taso, ashe tana jinmu. Ta nuna dantsen Labbo ta ce, "Na nagge?" Wato na saniya ne? Baba Ɗanjimma ya ce haka aka ce. Ta gyaɗa kai, ta miƙo hannu ta karɓi yarinyar daga wurina ba tare da ta tambaye ni ba, ta zauna a ƙasa ta ba ta nono. Yarinyar ta kama kamar za ta cire shi. Dado ta zaro ɗan hannun daga cikin zane ta riƙe wa tsohon, ta dube ni.

Na ce, "Yi."

Ya wanke askarsa, ya taɓa ƙurjin Labbo da bakinta, ya karci hannun Kulu sau uku. Ko sakin nonon ba ta yi ba.

Muka kafa musu bukka sabuwa can sama da iska, nesa da sauran. Kwanakin da suka biyo ban san yadda na yi su ba. Ina jinyar 'ya'yan wasu, in na gama in yi wanka da toka a rafi in sauya zane, in je in tsaya daga ƙofa in ce Dado ta juya mini ita in gani. Ranar huɗu wurin ya yi ja. Ranar bakwai ya yi ruwa, jikinta ya yi zafi ta ƙi nono yini guda, Labbo ya zauna bakin rafi ya haɗa kai da gwiwa ya ƙi cin abinci. Washegari ta kama nono. Ƙurji ɗaya ne tak, bai ƙaru ba, ya bushe ya faɗi. Uwar Ɗanbaba kuwa an kawo ta bukkokin, a hannuna ta cika. Matar liman ta rasa ɗanta, mahaucin ya rasa matarsa da ƙanwarsa. Labbo ya haƙa duka, kuma har muka baro wurin ko ƙwaya ɗaya ba ta fito masa ba.

Sai da ruwan farko ya sauka aka daina kawo sababbi. Muka jira na ƙarshe ya tashi, sannan Baba Ɗanjimma ya sa aka cinna wa bukkokin wuta da duk tsummokaranmu. Muka rabu a wurin dutsen. Matar liman da waccan da aka haifa baiwa, da suka yi wata biyu suna cin tuwo a akushi ɗaya suka riƙe juna suna kuka, sannan kowace ta bi ƙofar da za ta kai ta unguwarsu. Ban tambayi Dado ko za ta bi mu ba. Ta goya Kulu ta shiga gaba.

Kusa da Tsafe muka ci karo da shanu suna gangarowa, sai Dado ta tsaya cak. Nasu ne. Wani dogon mutum ya fito daga cikinsu, mijinta. Ya tsaya nesa, kamar daga nan zuwa bakin zaure, ya dubi fuskarta, ya dubi goyon. Suka yi magana da Fillanci, ba ta da tsawo. Ta yi taku ɗaya wajensa, ya ɗaga sanda a hankali, ba don ya buge ta ba, don dai ta tsaya. Ya shiga garken ya jawo wata jar karsana ya ɗaure ta a jikin wani itacen ƙirya, ya kora sauran suka wuce. Dado ta bi su da ido har suka shiga daji, sannan ta je ta kwance karsanar. Na ce mi ya ce. Ta ce, "Tawa ce. Ya ba ni tawa." 

A Gusau ba mu nemi gidan Ige ba, a bakin gulbi muka yada zango. Sauran kuma kun sani, don ku ne kuka tsayar da mu kwana goma a bukkar gonar Labbo kafin a bar mu mu shigo, kuna ajiye mana tuwo a kan kututture. Ban riƙe kowa ba. Na ga inda aka yi wanda ya fi haka.

Yanzu Kulu ta fara rarrafe. Dangin ubanta sun aiko sau ɗaya suna tambaya ko ta kusa yaye, na ce da saura. Ban san abin da zan ce musu ba in sun sake aikowa, ban kuma san abin da zan ce wa Dado ba. Kwanan baya na lura in tana ba ta nono ba Kulu take ce mata ba, Takko take cewa. Na tambaye ta mene ne Takko, ko wani abu ne da Fillanci. Ta ce sunan tata ɗiyar ne, wadda aka rufe a bayan Kucheri.

Ban hana ta ba. Jiya ina shanyar kalwa a tsakar gida yarinyar ta nufi murhu, na ce Kulu, Kulu, ko a jikinta. Dado ta leƙo daga ɗaki ta ce Takko, sau ɗaya. Yarinyar ta juyo.